Rawar Jikin Maɓalli

Kujeru huɗu ne a ɗakin jira na asibitin dabbobin, kuma babu kowa a kansu, amma Auta ta kasa zama. Sai kai-komo take yi daga ƙofa zuwa taga, rungume da kwali. A cikin kwalin, kan wani tsohon tawul, ɗan farin kare ne da bai wuce takalmin babban mutum ba, jikinsa yana ɓari tun daga kunne har jela.

Ƙofar ciki ta buɗe. Wani matashi ya leƙo sanye da farar riga, duk gashin mage a hannunta. Ya dubi kwalin, ya dubi mai kwalin.

"Malama, wane ne marar lafiyan a cikinku? Na ga duk ku biyu rawa kuke yi."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Likita."

"Yi haƙuri. Shigo da shi."

Ya ɗora karen a kan teburin ƙarfe, ya shimfiɗa masa tawul ɗinsa don kar sanyi ya ƙara masa. Tun kafin ya tambaye ta ta fara zuba bayani, magana na hawa kan magana.

Sunansa Maɓalli. Babanta ne ya sa masa, don shi tela ne, shagonsa a ɗakin gaba na gidansu. Shekara shida ke nan da wani zazzaɓi ya tafi da jin Baba, sai dai a rubuta masa magana da allin tela a kan teburin yanka. Maɓalli ne kunnensa. In an buga ƙofa, ko wani ya doso shagon, ko ruwa ya tafasa a buta, sai ya je ya ja ƙafar wandon Baba. Ba wanda ya koya masa. Ya san iyakarsa, ba ya hawa shimfiɗa, ba ya shiga inda ake salla. Saboda shi ne Auta take iya tafiya aikinta a shagon buga takardu ta bar Baba shi kaɗai.

"Sati uku ke nan yana wannan abin," ta ce. "Ya zo, ya tafi, ya dawo. Yayana da matarsa suna zaune a sama, 'yarsu ta fara rarrafe. Ya ce ciwon haukan kare ne. Ya ba ni sati biyu, in ba a san mene ne ba zai sa a ɗauke shi."

Ba ta faɗi inda za a kai shi ba. Shi ma bai tambaya ba.

Ya duba dasashin karen, ya haska idonsa, ya lallatsa cikinsa da ƙafafunsa ko zai yi kukan ciwo. Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinsa. Sannan ya koma bayan tebur ya kira, "Maɓalli." Karen ya juyo, ya kaɗa jela duk da ɓarin.

"Kin gani? Yana cikin hankalinsa, don haka ba farfaɗiya ba ce. Kin zo da katin rigakafinsa?"

Ta ciro shi daga jaka a cikin leda, ko lanƙwasa babu.

"An yi masa allurar rigakafin hauka wata biyar da suka wuce. Wani kare ya cije shi?"

"Ko ƙofar gida ba ya fita."

Ya tura masa ruwa a kwano, karen ya sha. Ya ɗan tsaga kunnensa ya auna sukarin jini, ya ɗebi wani jinin a kwalba don gwaji.

"Sukarinsa daidai ne. Zuciyar ce take gudu fiye da kima. Ƙananan karnuka sukan yi haka in sun ji sanyi, ko tsoro, ko wani wuri yana musu ciwo, ko sun ci abin da bai kamata ba. Akwai kuma wata cuta da ke kama farare irinsa, tana da magani, amma maganin yana rage wa jiki ƙarfin faɗa da cuta. Ba zan ba shi ba sai na tabbata."

"To ba za ka yi masa allura ba?"

"Allurar me?"

"Kai ne likita."

"Shi ya sa ba zan soke shi da abin da ban san dalilinsa ba. Ga aikinki. Duk sanda ya fara, ki ɗauke shi a bidiyo ki turo min, da rana da lokaci. Duk abin da ya shiga bakinsa ki rubuta, ko ƙuda ne."

Ya rubuta mata lambarsa. Ta karɓa ba ta ji daɗi ba, don ita magani ta zo nema. Sai da ta kai bakin titi ta lura har yanzu tana tuna yadda ya gyara wa karen tawul.

Bidiyo na farko ya tafi washegari, ƙarfe ɗaya da rabi na rana.

"Ya fara. Minti ashirin ke nan. Da safe ya ci abincinsa, ya sha ruwa, shi ke nan."

Amsa ta zo nan take. "Na gani. Ki rage hasken ɗakin, ki lulluɓe shi, ki ajiye masa ruwa kusa. Ke kin ci abinci?"

"Wannan ma yana cikin abin da zan rubuta?"

"Yana ciki. Mai jinya in ta faɗi, majinyaci ya shiga uku."

Ta yi murmushi ita kaɗai, ta yi maza ta kife wayar kamar wani yana leƙe.

Kwana biyu lafiya lau, rana ta uku ya sake. Gwajin jini ya fito, hanta da ƙoda babu komai. Auta ta rasa ko ta yi murna ko ta yi kuka. A wurin aiki ta buga wa wani katin taro da kwanan wata a juye. Ta wanke ɗakin Baba da ruwa zalla, ta kwashe maganin kyankyaso da na ɓera ta kai shara, ta canza wa karen kwano. Kullum da yamma matar Yaya takan sauko da 'yarta goye a baya, ta tsaya nesa da shagon ta ce, "Auta, wani labari?" Ba mugunta ba ce. Yarinyar da komai ta samu sai baki, dole uwarta ta kasa sukuni.

Shi kuwa abokin Yaya, Mai Kemis na bakin layi, wanda ya fi shekara yana kawo wa Auta gaisuwa tana amsawa a tsaye, sai ya samu hanyar shigowa. Ya zo da kwalaben maganin ƙarin jini har uku.

"Ki ba shi cokali safe da yamma, kwana uku ya miƙe. Wancan likitan ja miki rai yake yi don ki riƙa zuwa. Wane irin likita ne sai kallon bidiyo?"

"Maganin mutane ne wannan."

"Jini ai jini ne, Auta."

Ta ɗauki hoton kwalaben ta tura.

"Don Allah kar ki ba shi ko ɗigo," in ji Likita. "Ki gode wa wanda ya kawo, ki mayar masa."

"Ya ce wai don in riƙa zuwa kake ƙin ba da magani."

Ta ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake.

"Maganin ba don haka na hana ba. Amma son ki riƙa zuwa, wannan bai yi min ƙarya ba, Maman Maɓalli."

Ta karanta sau biyar a tsaye a bayan injin buga takardu.

"Wa ya ce maka ni mamansa ce?"

"Katin rigakafi a cikin leda. Uwa kaɗai ke yin haka."

Ranar Asabar ya zo gidan duba karen, ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya auna shi da ido tun daga kafaɗa har idon sawu, ya ce da muryar nan tasa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "Wanda ya ɗinka maka wandon nan bai kyauta maka ba." Likita ya ɗauki alli ya rubuta a tebur: "Shi ya sa na zo wurin gwani." Baba ya yi dariya har da tari.

Da Auta ta raka shi ƙofa sai ya tsaya yana juya makullin babur a hannu.

"In Maɓalli ya warke, zan so in turo manyana. In kin yarda."

"Ka warkar da shi tukuna."

"Sharaɗi ne?"

"Ba sharaɗi ba ne, Likitana. Kaina ne ba ya ɗaukar abu biyu yanzu."

Sai da ya tafi ta gane abin da ta kira shi. Saura kwana biyar wa'adin Yaya ya cika.

Likita ma bai samu natsuwa ba. Tsakanin majinyaci da majinyaci sai ya ciro takarda, ya jera ranakun a layi ɗaya, lokutan a ɗaya layin. Rawar jiki sau shida. Duk da rana, tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. Babu ko ɗaya a ranakun da aiki ya riƙe Auta a shago. Ya rubuta mata cikin ɗoki, bai tsaya tauna maganar ba.

"Na lura da wani abu. Duk ranar da ya yi rawar jiki, ranar kin leƙo gida da rana. Ranar da ba ki zo ba, lafiyarsa ƙalau. Me kike yi in kin shigo?"

Wayar tana kan tebur a falo lokacin da saƙon ya shigo, kuma Yaya ne kusa da ita. Ya karanta a fili.

"To, madalla. Likitan naki ma ya ce ke ce cutar."

Mai Kemis, da yake zaune a gefe, ya ce, "Ni dai da ma na faɗa."

Auta ta fizge wayarta. Leƙowar ranar nan tana da dalili. Sati biyar da suka wuce jinin Baba ya hau har aka kwantar da shi, likitansa ya hana shi gishiri da gahawa. Tun daga lokacin take barin abincin ranarta ta tako gida a ƙafa, ba ta faɗin ranar da za ta zo, ta auna masa jini, ta tabbatar ya sha ƙwaya. Ta ma rubuta masa a tebur cewa in ta kama shi da gahawa, za ta rufe shagon ta mayar da shi sama wurin Yaya. Yau kuma wannan wahalar ce ta zama abin tuhuma.

Ta shiga ɗaki ta rubuta masa: "Guba nake ba shi, sai in ɗauki bidiyo don in samu abin turo maka. Ka gamsu? Na gode da ƙoƙari, likitan karnuka."

Ya kira sau huɗu, ba ta ɗauka ba. Ya turo: "Autata, ba haka nake nufi ba. Na yi gaggawa. Ki saurare ni." Ta karanta, ta bar shi a haka.

Kwana biyu ba su yi magana ba. Ta riƙa duba wayar kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, in ta ga sunansa kuma ta kife ta. Shi kuwa ya koma kan bidiyoyin. Wannan karon bai kalli karen ba, ya kalli ɗakin. A huɗu daga cikin shida, a ƙarƙashin keken ɗinki, gefen wani ɗan faranti yana leƙowa. Ba kwanon ruwan karen ba ne, ba kuma na abincinsa ba.

Da hantsi, lokacin da ya san tana wurin aiki, ya nufi gidan. Tagar shagon a buɗe take. Kafin ya kai ƙofa ya hango Maɓalli ya zabura ya ja ƙafar wandon Baba. Baba bai ko waiwaya ba. Ya ɗauke wani kofi daga bayan tarin yadi, ya sunkuya ya juye abin da ke ciki a farantin, ya cusa kofin a aljihun tebur, ya ci gaba da taka keke. Karen ya duƙufa yana lasa.

Likita ya shiga da sauri ya janye farantin. Ya sansana. Gahawa ce, mai madara da sukari.

Baba ya ɗago, ya ga ba Auta ba ce, ya sauke ajiyar zuciya. "Ashe kai ne. Ka sa na yi asarar rabin kofi."

Likita ya ɗauki alli.

"Baba, wannan ne ciwon Maɓalli. Gahawa guba ce ga kare."

Baba ya karanta, fuskarsa ta canza.

"Shekara arba'in ina shan ta ba ta kashe ni ba. Ɗan ragowar kofi ne zai kashe kare?"

"Kai ka kai kilo saba'in. Shi kilo uku ne."

"Wato ni nake kashe karena. Karen da na raina tun yana shan madara a murfin kwalba."

"Ba da gangan ba. Amma in aka ci gaba zuciyarsa za ta iya tsayawa. Kai ma jininka."

Baba ya sa tafin hannu ya goge rubutun gaba ɗaya. Ya yi ƙoƙarin rage murya, bai iya ba.

"Ka san abin da yarinyar nan za ta yi in ta ji? Za ta rufe min shago ta kai ni sama in zauna ina kallon bango. Kunne ya tafi, uwarsu ta tafi, keken nan kaɗai ya rage min. In ka buɗe baki, kar ka sake tako ƙofar gidana. Maganar 'yata kuma da na ga kana kewayawa, ka manta da ita."

Likita ya sake ɗaukar allin. Sannan ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi:

"Jibi wa'adin Yaya zai cika. Gara ta ji daga bakinka. In ba ka faɗa ba zuwa jibi da safe, ni zan faɗa, don Maɓalli majinyacina ne. Ka yafe min, Baba."

"Fita."

Ya fita da farantin a hannu. A bakin titi ya tsaya ya rubuta mata: "Na gano abin da ke damunsa. Ba hauka ba ne, kuma ba laifinki ba ne ko kaɗan. Zai warke. Akwai wanda ya kamata ya faɗa miki kafin ni. Ki ba ni zuwa jibi."

"Faɗa min yanzu."

"Na yi alkawari, Autata."

"Wa ka yi wa?"

Da ta dawo gida da yamma, Baba ya tara su ya ce likitan nan ba shi da kunya, kar ya sake ganinsa a gidan, kuma in miji ake nema ga Mai Kemis nan, an san shi an san iyayensa. Auta ta rubuta masa, "Me ya yi maka?" Ya kau da kai daga teburin, wanda a wurin Baba daidai yake da toshe kunne.

Amma maganar Likita ta shige shi. Ya ƙudura ba zai sake zuba wa karen ko ɗigo ba. Abin da ya fi damunsa shi ne in Likita ya faɗa, Auta za ta binciki shagon, kuma saman kabad za ta fara dubawa, inda yake ɓoye 'yan ledojin gahawar. Don haka ya sauko da su, ya tura su can ƙasan buhun ƙyallaye da ke ƙarƙashin tebur. Bai yi tunanin hancin da ya yi sati biyar yana koyon ƙanshin nan ba.

Washegari, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, matar Yaya ta kira Auta tana kuka.

"Ki zo. Kumfa yake fitarwa. Na rufe kaina da yarinya a sama."

Auta ta bar injin a kunne ta fita da gudu. Ta tarar da Maɓalli kwance a tsakiyar shagon, ya yi amai, ƙafafunsa suna harbin iska, numfashinsa sama-sama. Yaya ya riga ta isowa, yana tsaye da buhu da safar hannu ta roba.

"Matsa, Auta. Kin ga kumfar nan da idonki. Ba zan jira gobe ba."

"Yaya, don Allah. Likita ya ce ya gano."

"Ya gano ya ƙi faɗa? Ni 'yata nake dubawa."

Ya sunkuya da buhun. Sai Baba ya shiga tsakaninsa da karen. Bai ji abin da suke cewa ba, amma ya ga buhun. Ya buɗe tafin hannunsa. Ledojin gahawa ne guda huɗu, duk an yayyage su da haƙori.

"Ba hauka ba ne. Ni ne. Gahawa nake sha a ɓoye. In ya ja wandona na san ke ce, sai in juye masa don kar ki gani. Jiya yaron nan ya kama ni, ya faɗa min gaskiya, na kore shi. Yau kuma Maɓalli ya tono wannan ya cinye. Ku rufe shagon, ku kai ni duk inda kuka ga dama. Ku dai kai min shi asibiti."

Yaya ya dubi ledojin, ya dubi ubansa. Ya yar da buhun ya laluba makullin mota.

A hanya Auta ta kira, bugu ɗaya ya ɗauka. Ya tambaye ta leda nawa, tun yaushe, yana iya ɗaga kai ko a'a. "Kar ki ɗura masa komai. Ki kwantar da shi ta gefe, ki buɗe gilashi ya sha iska. Ki zo da ledojin. Ina bakin ƙofa."

A bakin ƙofar kuwa suka same shi. Ya karɓi karen bai dubi kowa ba. Ta ƙofar da ya bari a buɗe Auta ta ga ya aske ɗan wuri a ƙafar gaba, ya sa allurar ƙarin ruwa, ya ba shi maganin da zai kwantar da ɓarin da wanda zai rage gudun zuciya. Da karen ya fara iya haɗiya, ya ɗura masa wani baƙin ruwa na gawayin magani a hankali, don ya kame abin da ya rage a ciki. Duk bayan ɗan lokaci ya sa abin sauraro, idonsa a kan agogo.

A ɗakin jira Yaya yana ta fita yana shigowa. Baba ya takure a kujera, ya zama ɗan ƙarami. Auta ta zauna kusa da shi, ta ciro abin awon jini daga jakarta ta ɗaura masa. Ya ɗan hau. Ta ba shi ƙwayarsa da ruwa. Sannan ta rubuta a waya ta nuna masa:

"Ba zan rufe shagon ba. Tsoro ne ya sa na faɗa, kai kaɗai ka rage min. Za mu koma wurin likitanka tare, mu ji abin da zai yarda ka sha. Amma ɓoye-ɓoye ya ƙare."

Baba ya karanta, ya goge ido da bakin riga. "Halin uwarki sak."

Sai bayan la'asar Likita ya fito, rigarsa duk baƙin gawayi.

"Zuciyar ta sauko. Ya yi fitsari sau biyu, abin yana fita ke nan. Zai kwana biyu a nan ina duba shi, amma in Allah ya yarda ya tsallake." Ya juya wurin Yaya. "Ba cutar da 'yarka za ta ɗauka. Abin da zan ce kawai, ku sa ɗan shinge a ƙofar shagon, don allura da reza ma, ba don kare kaɗai ba."

Yaya ya sosa ƙeya. "Yau zan kira kafinta. Ka yi haƙuri, Likita."

Auta ta bi shi ciki. Maɓalli yana kwance lamo, da ya gan ta ya motsa jela sau ɗaya. Ta tsaya tana shafa kansa, ba ta ɗago ba.

"Na kira ka likitan karnuka."

"Ai shi ne aikina."

"Da ka faɗa min jiya, da na daina fushi da kai tun jiya."

"Na sani. Kuma da ban jira ba, da bai kai ga wannan ba. Na so in rufa wa Baba asiri, na manta in ce ya ba ni ledojin. Wannan kuskurena ne, ba zan ɓoye miki ba."

Ta ɗago ta dube shi sosai. "Ka turo manyan naka."

"Baba fa?"

Ba su san yana bakin ƙofa ba. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma shekara shida sun koya masa karanta fuska.

"Kai yaro, ranar Asabar ka zo in gwada ka. Ba za ka tsaya a gaban jama'a ka karɓi 'yata da irin wandon nan ba."

Bayan wata uku aka ɗaura auren. Mai Kemis ya zo, ya yi murna rabi da rabi, ya ce shi da ma ya yi zargin gahawa. Gidan da ango ya kama layi biyu ne tsakaninsa da shagon, haka amarya ta nema, kuma bai yi gardama ba. Maɓalli ya koma bakin aikinsa, ranar bikin ma sai da ya kusa yage wa Baba sabon wando saboda yawan masu buga ƙofa.

Da za a tafi da amarya, suka durƙusa su biyu a gaban Baba a cikin shagon. Ya ɗora hannu a kan Auta ya daɗe yana yi mata addu'a, sannan ya kama hannun angon.

"Na kore ka, na ce ka manta da ita, duk da haka ka ƙi yi min ƙarya a kan ɗan kare mai kilo uku. To ga 'yata. Ka tsaya mata kamar yadda ka tsaya masa. Kar ka ji tsoron kowa a kanta, har ni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da kakansu. Allah ya yi muku albarka."

Ɗakin ya ɗauka da amin. Baba ya bi bakunansu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai da ya tabbatar kowa ya amsa, sannan ya saki hannun.